Bencin da Aka Bar Mini a Laccar Laraba

Takalmi na fara lura da shi. Matar da ke zaune a damana ta miƙe ta fita, ta bar silifas ɗinta a ƙarƙashin benci. Ba ta yi sauri ba, ba ta waiwayo ba. Na buɗe baki zan ce, "Baiwar Allah, kin manta takalminki," sai na ga ta haguna ita ma ta tashi, ta saɓa 'yarta a kafaɗa, ta rufe mata baki da tafin hannu. Can gaba Farfesa yana ta bayaninsa kamar ba abin da ke faruwa. Rana tsaka ce, fanka ba ta juyawa, kowa na gumi, amma ni sai na ji sanyi ya bi ta bayan wuyana ya sauka har ƙafa.

Tun da na dawo Wudil ba ku bar ni na huta ba. Ke Rabi har ɗaki kika biyo ni kina cewa in ba ki labarin Maiduguri. Maryam kuma cewa ta yi ko iska ce ta shafe ni a hanya, don ta ga ko cokali ya faɗi sai na zabura. In na ɗauko maganar da baki, ba na iya kai ta ƙarshe. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ku karanta, don Allah ku bar tambayata.

Kun san dalilin tafiyar. Yaya Habiba ce ta haihu, Inna kuma ƙafarta ba za ta iya doguwar mota ba, aka ce ni in je in taya ta zaman jego. Inna ta ɗinka mini sabon hijabi ruwan toka, har ƙasa. Da za mu rabu ta kama kunnena ta ce, "Garin mutane za ki. Babba ya yi miki magana, ki sunkuyar da kai. Ban da surutu, ban da kutsawa cikin maza." Na ce to.

A mota Allah ya haɗa ni da wata Hajja Bintu, Shuwa ce, mai fataucin turaren wuta da humra. Ita kaɗai ta cinye kujera ɗaya da rabi, ni na maƙale a sauran. Tun daga Wudil take tsokanata. "'Yar Hausa, wannan buhun da kika shiga, akwai mutum a ciki kuwa?" A Azare ta saya mana tsire, ta ce in ci, wai mazan garinsu ba sa auren tsinke. Bayan Potiskum fanbel ya tsinke. Direba ya shiga ƙarƙashin mota ya fito ya fi bakanike baƙi, ya ce saura kaɗan. Wannan kaɗan ɗin ne ya kai mu Damaturu bayan la'asar, muka tarar an rufe hanya. Ashe in yamma ta yi ba mai wucewa Maiduguri, ko waye shi. A rumfar wata mai abinci muka kwana a tasha, Hajja Bintu ta ba ni ƙullin turarenta na yi matashi. Har yau in na ji ƙamshin sandal, rumfar nan nake gani.

Da safe motoci suka yi layi har sojoji suka buɗe hanya. Ni na ɗauka iyakar jiha allo ne da ake rubuta barka da zuwa. Allon yana nan, amma ba da shi na gane mun shiga wata ƙasa ba. Direba ne ya kashe rediyo. Hajja Bintu, mai bakin nan da ba ya hutawa, ta zaro carbi ta yi shiru. Muka riƙa wuce ƙauyuka masu katanga ba rufi, an sassare itatuwan gefen titi an bar fili fetal. Wani jariri ya fara kuka a baya, uwar ta yi maza ta ba shi nono kamar kukan zai kira wani abu. A ƙofar shiga gari aka sauke mu duka, kowa ya ɗauki kayansa ya taka da ƙafa, ya nuna katinsa. Wata ma'aikaciya ta shafa jikina daga hammata har cinya, kunya kamar ƙasa ta tsage. Hajja Bintu ta ce, "Saba da shi, 'yar Hausa. Nan gaisuwarmu ke nan." Na yi dariya. Na ɗauka abin na bakin hanya ne kawai.

Gidan Yaya yana Mafoni, tsakar gida yashi ne mai laushi, da dalbejiya a tsakiya. Ko'ina turare, hatta tsumman goge-goge ƙamshi yake. Gaisuwarsu doguwa ce, ana tafa hannu a hankali ana "wushe, wushe," ni dai sai in bi da kai. Hausa kowa yana ji, amma tsofaffin "kai" suke ce mini, tun ina waiwayawa in ga da wane namiji ake har na saba. Babu acaɓa ko ɗaya a garin, sai keke. Na ci burabusko da miyar yakuwa da bandar kifi har na manta tuwon gidanmu. Rana ta biyu na ga kwalbar lemo a kan taga na kai baki, Yaya ta fizge, ashe humra ce. Matan gidan sun yi kwanaki suna mini lakabi da Mai-shan-turare.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Wata rana muna bakin titi tayar wata babbar mota ta fashe. Ku kun san a Wudil da gudu za a nufi wurin a ga me ya faru. A can ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya nufi wurin. Titi guda ya yi tsit. Mai kifi ta ajiye wuƙarta, mai keke ya kashe inji, mutane suka fara ja da baya a hankali. Sai da wani ya ce taya ce, sannan ciniki ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Mijin Yaya, Alhaji Modu, yadi yake sayarwa a kasuwa. Bai wuce firamare ba, amma duk Laraba sai ya bar shago ya tafi lacca. Malaman jami'a ne suke fitowa cikin gari, su zauna da mutane a wani zaure kusa da kasuwa lokacin hutun rana, kafin azahar. Ba a biyan ko sisi, kowa na iya shiga: ɗan kasuwa, ɗalibi, mai keke, matan aure. In ya dawo sai ya baje mana abin da ya ji. Wannan makon wai ko talauci ƙaddara ce ko aikin hannun mutane ne, wancan makon wai tsakanin mai yafewa da wanda aka yafe wa, wa ya fi samun barci. Yaya ta ce, "To Farfesan yadi, wanke hannu, miya na hucewa." Yana da ciwon suga, ba ya wasa da lokacin cin abinci, don haka ranar Laraba can zauren ake kai masa. Ƙanwarsa ce mai kaiwa. A makona na uku zazzaɓi ya kwantar da ita, Yaya ta miƙo mini kular abincinsa ta ce in hau keke in ce zauren lacca. Wayata tana gidan maƙwabta ana caji, ban tsaya ɗauka ba.

Yanzu ku gaya mini, wace budurwa ce a Wudil za ta ratsa titi da kular abinci a fili? Ga ido, ga samarin bakin hanya masu "Hajiya, gidan surukai za a kai?" Sai na yi abin da muka saba. Na naɗe kular ƙarfen nan a ɗankwali, na rungume ta a cikina da hannu biyu, na saki hijabi a kai.

A babbar ƙofar zauren na tarar da layin maza ana laluba su. Na tuna maganar Inna. Na hango wata ƙaramar ƙofa ta gefe, mata suna shiga da tiren sinasir da bokitin kunun tsamiya na rabawa bayan lacca, na bi bayansu. Ba wanda ya tsayar da ni. Na leƙa ɓangaren maza ban ga Alhaji Modu ba. Daga baya na ji jana'izar wani maƙwabcin shagonsa ce ta tsare shi. Na ce bari in zauna cikin mata in jira.

Farfesan dattijo ne siriri, mai farin gemu da hula zanna. Da Hausa yake magana, jefi-jefi ya saka Barbarci. Maganar waɗanda suka ɓata yake yi, waɗanda mutanen daji suka kwashe ko aka fita da su ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

"Wanda ya mutu," in ji shi, "an yi masa sallah, an yi zaman makoki, an raba gado. Wanda ya ɓata fa? Matarsa matar aure ce ko bazawara? Uwarsa ta ce Allah ya jiƙansa, ko ta ce Allah ya tsare shi? Ni ban zo da amsa ba, na zo ne mu yi tambayar tare."

Wani mutum ya ɗaga hannu ya ce, "Farfesa, ni rumfar ƙanena nake sharewa kullum. In na ba wani haya, na kashe shi ke nan?"

Ban taɓa jin ana magana irin wannan a bainar jama'a ba. Na shagala. Kular kuma tana ƙona mini ciki, sai in juya ta ta nan, in juya ta ta can, hannuwana suna ta motsi a ƙarƙashin hijabi, gumi yana zuba a fuskata.

Wani dattijo cikin masu kula da zauren ya zo ya ranƙwafo. "'Yata, daga ina? Wa kike nema?" Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya da Barbarci. Na ƙara sunkuyarwa, ina jiran ya wuce in tambayi wata mace. Na ga ƙafafunsa suna komawa da baya, bai juya ba.

Daga nan ne maganar takalmin nan.

Layin gabana ya tashi, sannan na bayana. Babu mai magana. Ƙarar yadi kawai kake ji da tafin ƙafa a kan siminti. Na tuna ranar taya, na ce shi ke nan, akwai wani mugun abu a zauren nan, kowa ya gani ni ce ban gani ba. Na rasa ta inda zan gudu. Na ƙanƙame kular, na runtse ido, na kama karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Farfesa bai daina magana ba. Amma muryarsa ta canza, ta yi ƙasa, yana jan kowace kalma kamar mai lallashin yaro a bakin rijiya.

"Wanda aka aiko da abin da bai so ba, ba shi da laifi. Wadda ta dawo gida, tamu ce. Ba za a dake ta ba. Ba za a tambaye ta abin da ya wuce ba."

Na buɗe ido. Zauren nan da ya cika ɗazu ba kowa, sai takalma a warwatse da kofunan kunu da ba a taɓa ba. Shi kaɗai ne a tsaye, ya ajiye abin magana, yana kallona.

"'Yata mai hijabi ruwan toka, kina jina?"

Na waiwaya in ga da wa yake. Babu kowa a bayana. A tagogi na ga kawunan maza, da bakin bindiga biyu a kan dakalin taga, duk sun nufo wuri ɗaya. Rabi, a nan na gane. Ni ce abin da ake gudu.

Ban san akwai saura mutum ba sai da na ji benci ya motsa. Wata tsohuwa ce cikin koɗaɗɗiyar lafaya, ta taho tana jan ƙafa ta zauna a jikina, kafaɗa da kafaɗa. Daga taga ana ta yi mata raɗa da ƙarfi, "Ya Hajja! Fito! Ya Hajja!" Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta leƙa fuskata ta daɗe. Ta sa yatsa ta ɗaga gefen hijabina, ta shafa bayan kunnena na hagu, tana neman wani abu.

"Falmata?" ta ce.

Na girgiza kai. Ta sauke hannunta, amma ba ta tashi ba.

Farfesa ya ce, "Kada ki fito da hannunki. Ki bar shi inda yake. Me ke jikinki, 'yata?"

Muryata ta fito kamar ta sauro. "Burabusko ne."

Bai ji ba. Tsohuwar ce ta maimaita da ƙarfi. Ba wanda ya yi dariya.

"Wa ya ba ki?"

"Yayata."

"Wa za ki kai wa?"

"Alhaji Modu."

"Wane Modun? Rabin garin nan Modu ne."

"Mai yadi."

Sai wata murya daga taga ta ce, "Haka ake koya musu su faɗa." Na ji ƙarar ƙarfe, irin wadda bindiga ke yi in an gyara ta. Na yi kalmar shahada. Abin da ya zo mini a rai, wallahi, Inna ce, da wanda zai je ya gaya mata, da abin da za a ce mata na aikata.

Tsohuwar ta yi tsaki. Ta ce, "Bismillahi," ta kama bakin hijabina ta naɗe shi sama a hankali, kowa yana gani. Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, don sun ƙage. Ta ɗora kular a cinyarta, ta kwance ɗankwalin, ta murɗa murfi. Na ga kawunan taga sun nutse ƙasa gaba ɗaya. Tururi ya tashi, ƙamshin yakuwa ya cika wurin. Ta sa hannu ta ɗebo loma ta kai baki, ta tauna da sauran haƙoranta.

"Hannun Bahaushiya ne," ta ce. "Gishiri ya yi yawa."

Farfesa ya zauna daɓas a bakin dandamali, ya cire hula ya riƙe kansa. Sai a lokacin na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Na ɗauka an gama. Ashe waɗanda suka fita sun kai labari kasuwa, labarin kuma ya riga gaskiya isa. Wai an kama yarinya da bam a wurin lacca. Shirun ɗazu ya koma hayaniya, ta taso daga nesa kamar ruwan sama. Masu bindigar nan da suka nufe ni, su ne suka tura mu wani ƙaramin ofis a bayan zaure, ni da tsohuwar, suka tsaya a bakin ƙofa. Dutse ya sauka a kan kwano. Wani ya biyo baya. Ina jin ana cewa a fito da ita.

Farfesa ya shigo ya tsuguna a gabana. "Malam Bukar mai kula da zaure ya tambaye ki wa kike nema. Me ya hana ki amsawa?"

Na ce, "Babba ne. A gidanmu ba a ɗaga kai."

Ya dube ni. Ya miƙe, ya ɗauki kular a buɗe da abin magana, ya fita wajen mutanen. Ta bango nake jin muryarsa, wannan muryar dai mai jan kalma, yana maimaita magana ɗaya da Hausa, da Barbarci, da Larabcin Shuwa. Wani lokaci hayaniya ta danne shi, wani lokaci ya danne ta.

Aka kira azahar muna ciki. Tsohuwar ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta. Da Hausarta mai karyewa ta gaya mini Falmata jikarta ce, ita ta raine ta. Sun je gona aka tafi da ita, tana da ƙuruciya. Tana da tabon ƙuna a bayan kunne, na garwashin kasko. Ta ce ita ba ta gane rabin abin da malaman nan ke faɗa, amma duk Laraba tana zuwa, don nan ne kaɗai ake taruwa da rana a yi maganar irin su Falmata ba a rage murya ba.

Na ce, "Kaka, ba ki ji tsoro ba? Da bam ɗin ne fa?"

Ta ce, "Da bam ne, da wata ta aiko 'yarta ba ta sani ba. Sai in bar ta ta tafi ita kaɗai?"

Can na jiyo wata murya da na sani tana tsaga taron. Alhaji Modu ne, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. "Ƙanwar matata ce! Abincina ne! Ku kashe ni in abincina laifi ne!" Mutanen kasuwa sun san shi. Na ji wani ya ce, "Modu, kai ne mai bam ɗin?" Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati. Duwatsun suka tsaya. Amma ba a buɗe mana ba, aka ce akwai waɗanda suka zo daga baya ba su ji bayani ba.

Sai da ladan ya kira la'asar Farfesa ya turo ƙofa. Muryarsa ta dushe. Ya ce, "An watse, 'yata. Sauran da ke waje kunya ce ta tsayar da su, suna so su ba ki haƙuri. Kin tsira. Tashi ki je gida."

Na miƙe, na kai bakin ƙofa, na hango mutane tsaitsaye a rana, na tsaya cak. Tsohuwar ta warware gefen lafayarta ta yafa mini a ka, ta zagayo da shi kafaɗata, muka zama mu biyu cikin zane ɗaya.

"Taho," ta ce. "Ba mai taɓa ka. Kana cikin zanena."

Haka muka ratsa su. Ana ta "sannu," ana "wushe," ban ɗaga ido ba. Ta kai ni har bakin keke inda Alhaji Modu yake jira, ta zare lafayarta, ta gyara mini hijabi. Har mai keke ya tayar da inji ta riƙe ƙarfen ta sunkuyo.

"Garinku da nisa ko?"

Na ce, "Da nisa, Kaka."

"To in ka ga wata a can mai tabo a bayan kunne, ka ce mata ba a kulle ƙofa ba."

Na ce to.